Amsa ga ƙanena na Kudan: ƙamshin inabi daga tsauni yake zuwa ko daga iri?

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban samu zama ba sai yau da na dawo Kaduna daga hanyar Zariya. Ka ce kana da 'yar gonar inabi a wajen Hunkuyi, ka ga wani bidiyo ana nuna farar giyar inabi ta ƙasar Ajantina wai tana ƙamshin fure saboda a kan tsauni aka noma inabin, shine kake tambaya me yasa naku sai zaƙi kawai babu ƙamshi, kuma ko sai mutum ya koma Jos ko Mambila kafin ya samu irin wancan.

Toh bari na fara da faɗa maka, ni ba na shan giya kuma na san kai ma ba ita kake nema ba, inabin ci kake nomawa. Amma maganar gaskiya ita ce babu wanda ya kai masu yin giyar nan bincike a kan ƙamshin inabi, kuɗinsu a nan yake, sun auna komai har ƙwayar sinadari, kuma abin da suka gano yana aiki a gonarka kamar yadda yake aiki a tasu tunda itacen ɗaya ne. Don haka zan ta ambaton su, ka ɗauki ilimin.

Abu na farko da nake so ya zauna maka, tsauni ba ya ƙirƙirar ƙamshi. Iri ne yake kawo shi, tsauni sai dai ya adana shi. Idan ka ɗauki irin da ba shi da ƙamshi tun asali, kamar Thompson Seedless wanda ake cewa Sultana, ko a kan Chappal Waddi ka dasa shi mita 2,419 sama da teku, ba zai taɓa ƙamshin wardi ba.

Inabin da ka gani a bidiyon nan kusan tabbas Torrontés ne, shi ne farin inabin da Ajantina take tinƙaho da shi, kuma inda ya fi suna shine Kafayate a lardin Salta, wajen mita 1,700. Da masana suka binciki asalinsa ta hanyar ƙwayoyin halitta sai suka ga ashe haɗi ne na iri biyu, ɗaya Criolla Chica wanda Sifaniyawa suka kai can, ɗayan kuma Muscat na Iskandariyya. A nan ƙamshin ya samo asali, gadon Muscat ne. Wani abin da yake burge ni, wannan Muscat ɗin a tsibirin Pantelleriya na Italiya sunansa Zibibbo, daga kalmar Larabci zabib, wato dai zabibin nan namu da ake tsaraba da shi daga Makka, kalma ɗaya ce. A Afirka ta Kudu kuma Hanepoot suke ce masa, suna cin sa haka nan, suna busar da shi, suna matse shi. Ka ga ashe ba wani baƙon abu ba ne can na Turawa, kuma iri ne mai jure zafi sosai, ka riƙe wannan don zan dawo kansa.

Ƙamshin dangin Muscat daga wasu sinadarai yake da ake kira tarpin, manyan cikinsu linalul da jeraniyol da nerol. Linalul shi ne kake ji a furen lemo idan ka wuce lambu da sassafe, jeraniyol kuma yana cikin turaren wardi. Yawancinsu a ɓawon inabin suke taruwa ba a ruwan ciki ba, shi yasa idan kana so ka gwada inabi kar ka tsotse ruwan ka tofar da ɓawon, tauna ɓawon sosai ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Abin da mutane suke ce wa ɗanɗano rabinsa ko fiye hanci ne yake aikin, ai ka san yadda abinci yake zama lami idan mura ta toshe maka hanci. Harshe zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri yake ganewa, amma a ce wannan gwaiba ce wancan mangwaro ne, hanci ne.

Akwai wani irin mai ƙamshi har ya fi Muscat hawa kai, Gewürztraminer, sunan daga kalmar Jamusanci ta kayan ƙamshi da kuma wani ƙauye Taramin da ke arewacin Italiya a gindin tsaunukan Alf. Shi wardi yake yi zalla da wani ɗan itace na Sin da ake kira lici, kuma an gano sinadari ɗaya ne a cikin su biyun. Amma shi sanyi yake so, tsaminsa saurin zubewa yake a zafi, kar ma ka sa shi a lissafi.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke ruɗewa, kuma a nan ne manomin inabin ci zai iya asarar kuɗinsa idan ya bi bidiyo. Ba duk ƙamshin da ake faɗa a farar giya ba ne yake cikin inabin yadda za ka ji shi a baki. Ɗauki Sauvignon Blanc, wanda Faransa da yankin Malboro na Niyuzilan suka yi suna da shi. Ana cewa yana ƙamshin gwaiba da garehul da ɗanyar ciyawa. Na ciyawar da koren tattasai gaskiya yana cikin inabin, sinadarin pirazin ne, irin wanda ke cikin koren tattasai ɗin kansa, kuma yana da ƙarfin da hancin mutum yake jin sa ko da nanogiram 2 ne kacal a lita guda, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Amma na gwaiban da garehul ɗin, wato sinadarin tiyol, a ɗaure yake a cikin inabin ba ya ƙamshin komai, sai yis ya kwance shi lokacin da ruwan yake tsima. Kai da za ka sayar da nonon inabi a tire a Kasuwar Barci ko bakin Kawo, mai saye ba zai taɓa jin wannan ba, ƙananan 'ya'ya zai gani masu ƙwallo da tsami ya wuce. Haka Riesling na Jamus, idan giyarsa ta daɗe a kwalba takan yi wani ƙamshi kamar na kananzir, da gaske nake, kuma masu ita suna son hakan, wani sinadari ne TDN da yake fitowa da shekaru musamman idan inabin ya sha rana sosai. Chardonnay kuwa shi kusan ba shi da nasa na kansa, ƙamshin man shanu da ake ji wasu ƙwayoyin bakteriya ne suke kawo shi lokacin da suke juya tsamin, na banila kuma daga gangar katakon da ake ajiye shi. Ƙamshin ayaba ma yis ne yake yi idan an tsima ruwan a sanyi. Duk waɗannan aikin masana'anta ne ba na gona ba. Muscat da 'ya'yansa ne kaɗan daga cikin waɗanda abin da ka ji a ɗanyen inabi shi ne a kwalba, shi yasa su ne suka shafe ka.

Af, kuma farar giya ba lallai daga farin inabi ba. Ruwan yawancin inabi fari ne ko da ɓawon baƙi ne, launin a ɓawo yake, idan aka matse aka raba su nan take sai ruwan ya fito garau. Wannan a gefe kenan.

Toh ina amfanin tsaunin? Sanyi ake saye da shi, musamman sanyin dare. Duk mita 100 da ka hau, zafi yana sauka da wajen digiri 0.6, wato mita 1,000 kusan digiri 6 kenan. A wuri busasshe kamar Kafayate inda ruwan sama ƙalilan ne kuma sararin sama tas, rana takan yi zafi sosai amma da ta faɗi sai ƙasa ta saki zafin nan da nan, dare ya yi sanyi ƙalau. Me wannan yake yi wa inabi? A cikin inabi akwai tsami iri biyu manya. Ɗaya tatarik, shi ne dai wanda ke cikin tsamiyarmu ta kunu, shi ba ya saurin gushewa. Ɗayan malik, irin na koren tuffa, shi kuma itacen ƙona shi yake kamar makamashi yana numfashi da shi, kuma yadda zafi ya ƙaru haka ƙonawar take ƙaruwa, dare da rana. Idan dare ya yi sanyi sai ƙonawar ta lafa, sukarin da ganye ya tara da rana ya zauna, tsamin ma ya zauna, nunar ta tafi a hankali har ƙamshin ya samu lokacin taruwa a ɓawo. Idan kuwa dare ya kwana da zafi, sukari zai hau da gudu, tsami ya zube, ka samu inabi mai zaƙi salam kamar an jiƙa sukari a ruwa. Ina kyautata zaton abin da kake ji a naka kenan. Zaƙi ba tare da ɗan tsami ba ba ya riƙe baki, ai ko zoɓo ka cika masa sukari ka kashe tsaminsa ka san ya mutu.

Sannan akwai hasken rana, a sama ya fi kaifi, sai inabin ya kare kansa da ɓawo mai kauri, kuma na ce maka a ɓawo kayan ƙamshin suke. Amma kaifin nan yana ƙona nonon inabi idan ya yi yawa, shi yasa tsoffin gonakin Torrontés a Kafayate a kan rumfa ake ɗora su, ganye a sama 'ya'ya na reto a inuwa.

Wuraren da ake wannan noma a sama suna da yawa, kuma kowa da dalilinsa. A Salta ɗin dai akwai gonar kamfanin Colomé da ta kai mita 3,111. Kwarin Uko a lardin Mendoza na Ajantina yana tsakanin wajen 900 zuwa 1,500. Boliviya a yankin Tariha Muscat na Iskandariyya suke nomawa, har dokarsu ta ce abin shansu singani sai da wanda aka noma daga mita 1,600 zuwa sama. A Turai kuwa lissafin daban ne tunda su da ma can nesa suke da tsakiyar duniya, mita 1,200 a wajensu kusan ƙarshen iyaka ne, kamar Morje a kwarin Awosta na Italiya kusa da dutsen Mon Bulan inda suke noma wani farin iri Prié Blanc a kan gajerun rumfuna kusa da ƙasa don ya samu ɗumin duwatsu, su matsalarsu sanyi ya yi yawa ne. A Sisili kuma a jikin dutsen Etna mai aman wuta suke noma Carricante. Ka ga ashe lambar mita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka haɗa da inda wurin yake a doron ƙasa. A nan Afirka ma akwai, Ziwayi a Habasha wajen mita 1,600, Naibasha a Kenya, da Dodoma a Tanzaniya wajen mita 1,100 inda suke girbi sau biyu a shekara.

Mu dawo gida. Yankin Zariya da Kudan yana wajen mita 600 da wani abu, Jos wajen 1,200, Mambila ta haura 1,500. Idan ka yi lissafin da na ba ka, tsakanin gonarka da Jos digiri 3 zuwa 4 ne, abu ne mai amfani ba na musu, amma bai kai ka bar gonar gado ba. Mambila kuwa ni ba zan ba ka shawararta ba sam, sanyin yana nan amma damina doguwa ce ga raɓa ga hazo, kuma babban maƙiyin inabi shi ne danshi a kan ganye, cutar fumfuna za ta cinye maka ribar a kuɗin feshi. Shayi ne ya dace da can kuma shi ake nomawa. Duk wuraren nan na Ajantina da Boliviya ba tsawo kaɗai suke da shi ba, tsawo ne da bushewa tare, wasu kamar Mendoza da ruwan ƙanƙarar dutse suke ban ruwa.

Abin da nake ta so manoman Kudan su gane, kuma ina faɗa duk inda na zauna da su, shine mu namu tsaunin hunturu ne. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu Allah ya ba mu daidai abin da mutanen Kafayate suke hawa dutse su nema, rana tas babu gajimare, iska a bushe, dare da asuba sanyi har ana hura wuta a ƙofar gida. Wata biyu ne zuwa biyu da rabi, da Maris ya shigo shikenan bazara ta karɓe, dare ma gumi ake. Tunda a ƙasarmu inabi ba ya barcin sanyi irin na Turai, kai ne kake gaya masa lokacin da shekara za ta fara da almakashinka, ranar da ka yi aski, wato datse rassa, ranar agogonsa yake tashi. Daga aski zuwa girbi wajen wata 4 zuwa 5 ne gwargwadon iri, kuma makonni 6 na ƙarshe, daga lokacin da 'ya'yan suka fara laushi suna canza launi, su ne suke yanke hukuncin ƙamshi da tsami. Toh yi lissafi da baya. Wanda ya yi aski a Oktoba nunarsa tana faɗawa cikin sanyi, wanda ya ja har Disamba nunarsa a tsakiyar zafin Maris da Afrilu za ta faɗa, iri ɗaya gona ɗaya amma baki zai ce maka ba ɗaya ba ne.

Wannan ba ni na ƙirƙira ba. Nashik a Indiya, wadda ita ce cibiyar inabinsu, tsawonta kusan ɗaya da namu, wajen mita 600 zuwa 700, kuma su ma damina da rani suke da su kamar mu. Aski biyu suke yi, ɗaya a Afrilu don itacen ya gina sabbin rassa ba don 'ya'ya ba, ɗaya a wajen Oktoba na 'ya'ya, su yi girbi bayan sanyi. A Birazil ma, jihar Minas Jerayis, da irin wannan aski biyun suka ɗauke girbinsu daga lokacin ruwa suka mayar da shi lokacin sanyi da bushewa, girbin hunturu ma suke ce masa, kuma ingancin inabinsu ya canza gaba ɗaya. Idan akwai ƙasashen da ya kamata mu kwaikwaya su ne waɗannan ba Faransa ba.

Amma ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Idan ka yi aski da wuri, ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, wutsiyar damina tana iya kama sabon tofo, kuma sabon tofo da fure su suka fi rauni a gaban fumfuna, ruwa biyu uku a jere ya ishe ka kuka. Dole ka kasance da maganin feshi a hannu kafin ka taɓa almakashi, ba sai ka ga tabo a ganye ka fara neman kuɗi ba. Kuma na san maganar kasuwa tana nan, wani yana jan askinsa ne don ya fito lokacin da inabi ya yi tsada ko ya dace da azumi, wannan lissafi ne na gaskiya ban raina shi ba. Shi yasa ba na cewa ka juya gonar duka. Ware layi biyu ko uku ka yi musu askin Oktoba, sauran ka bar su yadda ka saba, ka rubuta kwanan wata a littafi, lokacin girbi ka ba mutanen gida su ɗanɗana ba tare da ka gaya musu wanne ne wanne ba. Idan kana amfani da maganin nan na tayar da ido bayan aski, Dormex, don Allah safar hannu da takunkumi, guba ne mai ƙona fata, kar ka bar yara su shafa shi da hannu tsirara kamar yadda nake gani a wasu gonaki, abin yana damuna ƙwarai.

Sai maganar iri, wadda ita ce tushen komai. Idan abin da ke gonarka ba dangin Muscat ba ne, askin hunturu zai gyara maka daidaiton zaƙi da tsami amma ba zai kawo furen lemo ba. Nemi Muscat na Iskandariyya ko Muscat Hamburg wanda shi baƙi ne amma ƙamshin na nan, ko kuma Italia, farin inabin ci mai manyan 'ya'ya wanda wani masani Alberto Pirovano ya haɗa a 1911 daga Bicane da Muscat Hamburg, ƙamshinsa bai kai na Muscat Hamburg ba amma yana jure tafiya a mota kuma yana da kyan gani a tire. Ba sai ka tumɓuke tsoffin itatuwanka ba, ana iya yi musu aure a ɗora sabon irin a kan tsohon gindi. Kawai kar ka sa wani ya ɗauko maka reshe a jaka daga waje, ka bi ta hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, ƙwaron filoksera da ya kusa ƙarar da gonakin inabin Turai daga shekarun 1860 a jikin tsirran da aka kai daga Amurka ya shiga, kuma cututtukan bairos na inabi a reshe suke tafiya ba ka ganin su da ido. Ka leƙa cibiyar binciken noma ta IAR Samaru ma tunda kusa take da kai, ka tambayi masu kula da kayan lambu.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna taruwa. Yuriya idan ta yi yawa ganye ne zai yi ta haukar fita, rumfa ta toshe, 'ya'ya su zauna a duhu, ka samu ɗanɗanon ɗanyen ganye a maimakon fure. Inabi mai ƙamshi hasken da ya ratso ta ganye yake so, irin na ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ba duhu ba kuma ba ranar azahar kai tsaye ba, don haka rage ganye kaɗan ta gabas ka bar na yamma. Kar ka yi kwaɗayin barin duk nonon da itace ya fitar, wanda ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa ruwa zai ba ka. Rage ban ruwa a hankali idan nuna ta kusa, ban ce ka yanke ba. Kuma inabi ba mangwaro ba ne ba ayaba ba, da ka yanke shi ya gama nuna, ba ya ƙara zaƙi ko ƙamshi a kwali, wanda ya tsinka da wuri don dillali ya matsa masa ya sayar da rabin aikinsa ne. Akwai wata 'yar na'ura ta hannu rifraktomita, ɗigo ɗaya kake sa mata ta nuna maka sukarin, inabin ci ka jira ya kai 16 zuwa 18 a ma'aunin Biriks, Muscat ma yakan fi bayyana ƙamshinsa idan farin ya fara komawa ruwan zuma. Girbin kuma da asuba kafin rana ta taɓa shi, a sa a inuwa nan take, kar a bar kwalaye a bayan a-kori-kura suna gasuwa ana jiran ciniki.

Ka turo min hoton ganyen da na nonon inabin da kake da shi yanzu, gaba da baya, da kwanan watan askinka na bara da na girbi, daga nan zan iya ce maka ko matsalar ta iri ce ko ta lokaci. Ka gaida su Baba.